Mutum-mutumin tagulla a adakar kaka: Wa ya zuba shi, kuma don me?

A ƙasar Adar, tun daga Tabotaki da ke gundumar Buza har zuwa Keita da Madawa a jihar Tawa, da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗa ko jika a waje. Wasu suna Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu kuma sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya.

Wannan tafiya ba ta yau ba ce, kuma kowane zamani da irin tsarabarsa. Ta yau waya ce da babur, ta jiya rediyo da keke da bargo. Amma akwai tsarabar da ta girmi waɗannan duka, wadda sai ranar rabon gado ake cin karo da ita a ƙasan adaka: ɗan mutum-mutumi na tagulla wanda bai wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba, babu suna a jikinsa, babu lamba, babu shekara.

Wanda ya san labarinsa ya riga mu gidan gaskiya. Sai a ɗauki hotonsa a tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Wani ya ce zinariya ce, a goge a gani. Wani ya ce gunki ne, a jefa shi rijiya. Wani kuma ya ce a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo, a huta.

Duk shawarwarin nan uku suna iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Abin yana iya zama tsarabar kasuwa da aka zuba shekara 40 da suka wuce, yana kuma iya zama shaidar wata hanyar fatauci mai shekaru ɗaruruwa. Akwai hanyoyin da masana ke bi su rarrabe, kuma da yawa daga cikinsu ba sa bukatar na'ura.

Me ya sa babu suna?

Rashin suna a jikin tagulla ba aibi ba ne. Maƙeran Afirka ta Yamma na dauri ba sa buga sunayensu a kan abin da suka zuba. Sana'ar ta gado ce, ta gida ce, kuma wanda ya ba da aiki ya san ƙofar da ya ƙwanƙwasa.

Hanyar zubin ma ba ta barin a yi abu biyu iri ɗaya sak. Maƙeri yakan fara gina siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da laka mai laushi da aka cuɗa da garin gawayi, ya ƙara wata laka mai kauri a kai, ya bar 'yar ƙofa. In ta bushe sai ya gasa, kakin ya narke ya fice, ya bar gurbinsa. A wannan gurbi ake zuba narkakken ƙarfe. Idan ya huce, dole a fasa lakar kafin a ciro abin. Ke nan kowane zubi ɗaya ne tilo a duniya.

Saboda haka tambayar "wa ya yi shi" ba kasafai ake amsa ta da sunan mutum ba. Amsar da ake nema ita ce: wace al'umma, wane gari, wane zamani. Wannan kuwa ana karanta shi a jikin abin, daga siffarsa da nauyinsa da irin ƙarfensa da wuraren da hannu ya cinye.

Shin a nan gida aka yi shi?

Adar ƙasar maƙera ce. Wata masaniya 'yar Faransa, Nicole Echard, ta shafe shekaru tana nazarin maƙeran yankin, har ta ɗauki fim a shekarun 1960 kan yadda suke narka tama su fitar da ƙarfe. Sai dai aikin nan na maƙeran baƙi ne: hauya, gatari, wuƙa, mashi.

Maƙeran fari su ne masu azurfa da tagulla, kuma abin da aka san su da shi a ƙasar Hausa shi ne mundaye, zobba, kayan doki da kwanoni. Haka ma maƙeran Abzinawa, waɗanda suka shahara da kwado da adon takobi da na sirdin raƙumi. Sun san zubin kakin zuma sarai, don da shi suke yin sarƙar nan ta Agadas, amma siffar mutum ba ta cikin abin da suka gada.

Ba don ƙarancin ƙarfe ba ne. A shekarar 1353 matafiyi Ibn Battuta ya sauka Takadda, ya ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a mayar da shi sanduna ana ciniki da su, ana kuma kai su Gobir da Barno. Masu binciken kufai sun danganta Takadda da Azelik, a arewa maso yammacin Agadas. A Marandet, kudu da Agadas, an tarar da dubban ƙananan tukwanen narka ƙarfe.

A Durɓi Ta Kusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani a jihar Katsina, an tone wasu kaburburan manya a 1907, aka sake tone wasu a 1992. Daga cikin abin da aka samu akwai mundaye da kwanonin tagulla, har da waɗanda aikinsu ya nuna daga ƙasashen Musulmi na gabas suka fito. Wato tun ƙarni na 14 zuwa na 15 tagullar nesa tana shigowa ƙasar Hausa.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, idan aka ga munduwa ko linzami a Tabotaki, ana iya fara neman maƙerinsa a kusa. Idan kuwa siffar mutum ce ko ta dabba, zato mafi ƙarfi shi ne baƙuwa ce, sai a tambayi hanyar da ta biyo.

Hanyar Gwanja da hanyar Abijan

Wanda ya fi kowa yawa a cikin ƙananan mutum-mutumin tagulla na Afirka ta Yamma shi ne ma'aunin zinariya na al'ummar Akan, wato Asante da 'yan uwansu a Gana, da Baule da Agni a Kodebuwa.

Tun wajen shekarar 1400 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, garin zinariya ne kuɗi a ƙasarsu. Duk mai ciniki yana da ƙunshinsa: ɗan sikeli, cokali, akwatin garin zinariya, da jerin ma'aunai na tagulla. Mai saye ya auna da nasa, mai sayarwa ya auna da nasa, sai an daidaita a rabu.

Na farko-farko ba su da siffar komai sai zane-zane, kuma wani ɓangare na lissafinsu ya ginu ne a kan miskali, ma'aunin Musulmi mai nauyin giram 4 da 'yan kai, wanda Wangarawa suka kawo daga arewa. Daga baya aka shiga zuba siffofi: maharbi, mai daka, tsuntsu mai waiwaye, kada biyu masu ciki ɗaya, kunama, kujerar sarauta. Da yawa daga cikinsu karin magana suke ɗauke da ita. Wasu ma ba a gina su da kaki ba: ƙwaro ko gyaɗa ake lulluɓewa da laka, a ƙone, a zuba tagulla a gurbin.

Timothy Garrard, wanda ya wallafa littafi a kan waɗannan ma'aunai a 1980, ya ƙiyasta cewa an zuba miliyoyinsu. Da kuɗin Turawa suka maye gurbin garin zinariya, sai suka zama kayan ajiya, daga baya kayan sayarwa.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan kasuwa. Fataken goro sun yi ta kai kanwa da tufafi da fata Salaga a ƙasar Gwanja, suna dawowa da goron Asante, har zuwa lokacin da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin. Bayan su sai 'yan ci-rani na ƙarni na 20, waɗanda suka cika zangunan Kumasi da unguwannin Abijan. Ta kowace daga cikin hanyoyin nan biyu ma'auni yana iya isowa Adar.

Akwai alamun da ke nuna an yi aiki da shi da gaske. Tun da nauyi ake bukata ba kyau kawai ba, mai shi yakan gyara: ya goge wani gefe in ya yi nauyi, ya cusa dalma a wani rami ko ya naɗa 'yar waya in bai kai ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka lahani ne, alhali ita ce shaidar.

Kuma duk ɗan Nijar yana yawo da hoton irin wannan ma'auni a aljihunsa. Tambarin da ke jikin takardun sefa da sulallansa, na Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, siffar wani kifi ne mai baki kamar zarto, an kuma ɗauko ta ne daga ma'aunin zinariya na Akan. Ga wanda ke fargabar cewa duk siffar tagulla abin bauta ce, wannan kaɗai ya isa ya sa a dakata a bincika. Abin da ake shirin jefawa rijiya yana iya zama dutsen awo ne na ɗan kasuwa.

Sauran waɗanda ake zato

Idan siffar ta mahayi ce a kan doki, ƙarama ƙwarai, ta sha hannu har fuskar ta shafe, sai a duba gabas. Kotoko, mazauna kudancin Tafkin Chadi a Kamaru da Chadi, suna zuba irin waɗannan 'yan dawakai domin magani. Ana rataya wa mai taɓin hankali, sau da yawa a ɗinke cikin fata kamar laya.

Idan biyu ne, mace da namiji, an haɗa kawunansu da sarƙa, kowanne da tsinken baƙin ƙarfe a ƙasa, wannan na Yarabawa ne. Alamar 'yan ƙungiyar dattawa ta Ogboni ce, kuma ko ɗaya aka samu shi kaɗai, zoben da ke kansa da tsinken ƙasa suna tona asalinsa.

A arewacin Kodebuwa, wajen Korhogo, masu duba na al'ummar Senufo suna ajiye 'yan ƙananan siffofin tagulla cikin kayan aikinsu. Nufawan Bida kuwa an fi sanin su da bugun farantai da kwanoni da butoci masu zane.

Sai kuma kaso mafi girma a kasuwar yau: abin da aka zuba domin sayarwa kawai. Fumban a Kamaru, Wagadugu, Abome, Kumasi da unguwar Igun a birnin Benin duk suna da maƙeran da ke wannan aiki, wasunsu gwanaye na gaske. A gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai ma akwai rumfunan masu sana'ar hannu, a kasuwar Kurmi ta Kano kuma akwai masu sayar da irin kayan. Akwai kuma na masana'antun Indiya, waɗanda ake fitarwa dubbai a kan siffa ɗaya.

Darasin Tada

Babu misalin da ya fi na Tada nuna yadda ake warware irin wannan ƙulli. Tada ƙauye ne a bakin kogin Kwara a ƙasar Nufe. A can, da tsibirin Jebba da Giragi, an daɗe ana ajiye da wasu siffofi na ƙarfe kimanin goma: mutane, jiminai biyu da giwa. Babu rubutu a jikin ko ɗaya.

Mutanen wurin suna da amsarsu. Sun ce Tsoede, wanda ya kafa daular Nufe, shi ya zo da su lokacin da ya gudo daga Idah, ya rarraba su a garuruwan bakin kogi a matsayin alamar mulkinsa.

Masana sun saurari wannan, sannan suka dubi kayan. Wanda ya fi shahara a cikinsu mutum ne a zaune, tsayinsa ya ɗan haura rabin mita. Yadda aka fitar da fuskarsa da jikinsa ya yi daidai da aikin Ile-Ife, wadda ke da nisa a kudu. Da aka gwada ƙarfen, sai aka tarar kusan tsantsar jan ƙarfe ne, wanda zubinsa ke da wuyar gaske, kuma an san maƙeran Ife da shi. Da aka gwada lakar da ta rage a cikinsa a shekarun 1970, sai ta nuna wajen ƙarni na 14, wato kafin zamanin da ake danganta wa Tsoede.

Sauran siffofin kuma ba hannu ɗaya ya yi su ba. Maharbin Jebba, alal misali, salonsa daban ne.

To labarin baka ƙarya ne? A'a. Ya amsa tambayar yadda mutanen Tada suka ɗauki kayan da abin da suke nufi a wurinsu. Gwajin ƙarfe da na laka suka amsa tambayar inda aka zuba da lokacin. Abu guda yana iya zama an yi shi don wata manufa a wani gari, ya yi wata rayuwar dabam a wani garin.

Akwai darasi na biyu. Mutanen Tada sun kasance suna kai mutumin nan bakin kogi duk Juma'a suna cuɗa shi da tsakuwa, don girmamawa. Shekara da shekaru ana haka, har fatar ƙarfen ta side, ƙananan zane-zanen jikinsa suka shafe. Yanzu yana hannun hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Duk mai shirin ɗauko toka da lemun tsami ya goge na gidansu, ya tuna da wannan.

Abin da ido da hannu ke iya gani

Gwajin farko shi ne maganaɗisu. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, ko kuma akwai tsinken ƙarfe a ciki.

Na biyu nauyi. Zinariya ta ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu idan girmansu ɗaya, kuma ba ta yin tsatsa kore. Abin da ya yi kore ko baƙi-baƙi a lungunansa, a cire rai da batun zinariya.

Na uku layin haɗi. Idan akwai siririn layi da ya zagaye abin daga sama har ƙasa, kamar an haɗa ɓari biyu, to a cikin mazubi mai buɗewa aka yi shi, irin wanda ake maimaitawa. Zubin kakin zuma ba ya barin wannan layi. Abin da yake bari shi ne zaren kaki da aka murɗa aka yi ado da shi, wani lokaci har da shatin yatsa, da ragowar baƙar laka a ramuka.

Na huɗu wurin da ya side. Abin da aka yi shekaru ana riƙewa yana sidewa a inda hannu ke taɓawa: hanci, gwiwa, kafaɗa, da cikin zoben da igiya ke ratsawa. Idan ya side ko'ina daidai wa daida, har inda yatsa ba ya kaiwa, an yi masa da gangan ne. Shatin injin gurza, mai layuka a jere, shi ma alamar aikin zamani ne.

Abin da sai na'ura

Hausa takan kira su duka tagulla, amma a wurin masu gwaji akwai bambanci. Akwai jan ƙarfe tsantsa, akwai wanda aka haɗa da kuza, akwai wanda aka haɗa da tutiya. Na'urar XRF, wadda ake riƙewa a hannu, tana faɗin abin da ke saman ƙarfen cikin ɗan lokaci ba tare da an yanke shi ba.

Tsohuwar hanyar haɗa tagulla ba ta iya shigar da tutiya fiye da kashi 28 zuwa 33 cikin 100. In aka ga ta haura haka sosai, galibi ƙarfen na ƙarni na 19 ne zuwa yau. In aka ga alminiyam a ciki, magana ta ƙare, domin sai bayan 1886 aka fara samar da shi da yawa. Maƙerin yau yakan narka tsofaffin kan famfo da kwado da kwanson harsashi, kuma duk suna barin shaidarsu.

Akwai gwajin wani nau'in dalma da rabinsa ke ɓacewa duk bayan shekara 22. In aka same shi, ƙarfen bai wuce shekara 100 ba ko kusa da haka. Rashin samunsa kuwa ba ya wanke abin, don ana iya narka tsohon ƙarfe a zuba sabuwar siffa. Shi ya sa lakar da ta maƙale a ciki take da daraja: ita ke riƙe da lissafin ranar da ta sha wuta ta ƙarshe. Wanda ya ƙwaƙule ta da tsinke ya zubar, ya zubar da takardar haihuwar abin.

Ƙarfe yana faɗin inda aka haƙo shi ma. A 1964 Théodore Monod ya tarar da kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, sandunan tagulla sama da 2,000, shaidar cewa ana ratso Sahara da ita tun wajen ƙarni na 12. A 2023 kuma wani bincike da Tobias Skowronek ya jagoranta ya nuna cewa yawancin tagullar da maƙeran Benin suka yi aiki da ita ta fito ne daga yankin kogin Rhine na Jamus, ta hannun 'yan Fotugal. Ke nan asalin ƙarfe daban, asalin maƙeri daban.

Sabo da aka tsufar

Tun da Turawa suka fara biyan kuɗi mai tsoka a kan tsohon abu, aka sami masu tsufar da sabo. Ana jiƙa shi da ruwan batir, a binne shi a ƙasa mai danshi, a turara shi da hayaƙi, a shafe shi da mai. Irin wannan tsatsa takan zauna a sama kawai, ta yi launi ɗaya ko'ina, wani lokaci ta biyo yatsa. Ta gaske tana cin ƙarfen ne a hankali, hawa-hawa.

Wannan kasuwa Hausawa sun san ta ciki da bai. Littafin Christopher Steiner na 1994 kan cinikin kayan gargajiya a Abijan ya nuna irin rawar da dillalai Hausawa ke takawa a cikinta. Fim ɗin da aka yi a farkon shekarun 1990 mai suna In and Out of Africa ma wani Bahaushe ɗan Nijar ya bi, Gabai Baaré, daga ƙauyukan Kodebuwa har zuwa Amurka inda yake kai kayansa. Don haka idan kakan gida ya taɓa wannan sana'a, abin da ke adakarsa yana iya zama ragowar haja.

Su kansu masana sukan yi saɓani. Kan nan na Ife da ake kira Olokun, wanda Bajamushe Leo Frobenius ya gani a 1910, an duba shi a Landan a 1948 aka ce kwafi ne. Bayan fiye da shekara 60 aka sake gwada shi da na'urorin zamani, aka ce alamu sun nuna shi ne na asali. In haka ta faru da abin da duniya ta sani, to wanda ya kalli hoto a waya ya yanke maka farashi nan take, da walakin.

Na adaka daban, na ƙasa daban

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi kayan gado ne. Wanda aka tono daga ƙasa hukuncinsa daban.

A 1938 wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a Igbo-Ukwu, kudu maso gabashin Najeriya, ya ci karo da kayan tagulla. Da Thurstan Shaw ya zo ya yi tono na ilimi a 1959 zuwa 1960, ya rubuta inda kowane abu yake da abin da ke kusa da shi, sai aka gano kayan na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 ne. Wannan ya sauya abin da duniya ta sani game da ƙira a Afirka. Da an kwashe su an sayar ɗaya-ɗaya, da babu wanda zai san haka.

Nijar ta ɗanɗana ɗaya gefen. An gano kufan Bura a yankin Tera a 1975, Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya yi tono a 1983. Da aka baje kayan a Turai a shekarun 1990 suka yi suna, sai masu haƙa ta bayan fage suka far wa yankin. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Tun bayan da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, na'urar gano ƙarfe ta yawaita a hannun matasa, ita kuwa ba ta bambance zinariya da munduwar da ke cikin tsohon kabari. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997 ta hana tono a wuraren tarihi ba da izini ba, ta kuma hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba takarda. Najeriya ma tana da irin wannan doka tun 1979. Ɗan ci-ranin da ya jefa irin wannan abu a jaka don ya gwada sa'a a Turai yana iya rasa shi a filin jirgi, ya kuma sayi rigima. Zamanin ma ya juya: a 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin sama da 1,000 da ke gidajen tarihinta.

Kafin a yanke shawara

Abu na farko, kada a wanke, kada a goge, kada a kankare. A naɗe shi a busasshen ƙyalle, a nisanta shi da danshi da gishiri.

Na biyu, a ɗauki hotonsa ta gaba da baya da gefe da ƙasa, da rana, a ajiye sulai a kusa da shi don a gane girmansa. A kai wa mai sayar da zinariya ya auna shi da giram, a rubuta.

Na uku, wanda ya fi sauran gaggawa, a zauna da tsofaffin gida. Wa ya kawo shi? Daga wace tafiya? Kafin aure ko bayan aure? A cikin me aka ajiye shi, kuma me ke tare da shi? Ɗan sikeli ko ƙaramin cokalin tagulla a gefensa sun kusa ba da amsa su kaɗai. Ragowar fata a jikinsa ma magana ce. A naɗi muryar tsohuwa a waya yau, don na'ura za ta jira, ita kuwa ba ta da tabbas.

Na huɗu, a nuna hotunan ga waɗanda aikinsu ke nan kuma ba saye suke yi ba: gidan tarihi na Boubou Hama ko cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Gidan Makama ga mazauna Kano. Wanda zai saya ba shi ne zai faɗa maka darajar kayanka ba.

Sau da yawa amsar za ta zo da sauƙi: tsaraba ce ta shekarun 1960 ko 1970, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ko a hakan, ta faɗa wa jikoki inda kakansu ya taka da abin da ya ga ya dace ya ɗauko ya kawo gida. Wani lokaci kuma amsar za ta kai Salaga ko bakin Tafkin Chadi. Wanda ya kai wa 'yan gwangwan ba zai san ko wanne ne nasa ba. Rashin sani, in ji masu iya magana, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.